Fashin baƙi: Me ya sa ake kokawa a kan yaro ɗan shekara 14 a harkar ƙwallo?

Wani maƙwabcina a Tudun Wadar Zariya, mai shagon kayan masarufi, ya tare ni bayan sallar isha'i da waya a hannu. Ya ce, "Malam, don Allah duba min wannan. Gaskiya ce ko 'yan damfara ne?" Sanarwa ce irin wadda ke yawo a WhatsApp duk lokacin hutun makaranta: za a yi gwajin 'yan ƙwallo na kwana uku, Turawa masu neman 'yan wasa za su zo, yaron da ya yi fice za a kai shi "gasar fitattun matasa" a Turai ko Amurka. Kuɗin fom ya kusa sayen buhun masara. Ɗansa mai shekara 14 ya daina cin tuwon dare sai an saya masa. Kocin da ke horar da yaron tun yana firamare ya ce kada a kuskura, so ake a ƙwace shi. Wani koci daga Sabon Gari kuma har ya aiko wa yaron da sabon but da jesi, kyauta, wai ya dawo wurinsu.

Mutum uku ke nan a kan yaro ɗaya da ko gashin baki bai fara ba. In ka ta da maganar a majalisa, amsar da za ka fi ji ita ce hassada ce irin ta kociyoyi, kowa na son ya ɗaga kofi. Kofin yana ciki, sai dai shi ne ƙaramin abin da ake rikici a kansa. Babban abin shi ne sunan wace ƙungiya za a rubuta a takardar yaro daga shekara 12 zuwa sama, sai kuma wa zai ɗauki nauyin renonsa kafin ya zama kuɗi. Ana wannan kokawar a Amurka, ana yin ta a Ingila, ana yin ta a Legas, kuma ɓurɓushinta ne ya iso filayenmu na Zariya.

Mu fara rarrabe sunaye

Kulob ɗin unguwa kowa ya san shi: samari da yara, fili guda, koci guda, karo-karon sayen ƙwallo. Akadami ta gaskiya ta wuce nan. Tana raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, 'yan ƙasa da 13, da 15, da 17, tana da kociyoyi masu takardar shaida, tana kula da karatun yaro da lafiyarsa, kuma tana da rajista da hukumar ƙwallo. A nan gida kam, duk wanda ya mallaki ƙwallo biyar da usur da shafin Facebook ya zama mai akadami.

Haka ma lig daban, kofi daban. Kofi na mako ɗaya ko biyu ne, sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya kama hanyar gida. Lig kuwa watanni ake yi ana bugawa gida da waje, yaro ya yi kuskure yau ya gyara mako mai zuwa. A lig ake yin ɗan wasa.

Kalmar "fitattu" ita ce ta fi ruɗar da iyaye. Babu wata hukuma a duniya da ke raba wannan laƙabi. Kalmar talla ce. Gasa tana zama ta fitattu ne in ƙungiyoyi masu ƙarfi suka shige ta, don sai masu neman 'yan wasa su biyo su, su kuma ƙungiyoyin suna shiga ne inda suka san masu saye za su zo. Kamar kasuwar hatsi ta Giwa ce: manomi yana kai kaya don ya san dillalai na nan, dillalai suna zuwa don sun san kaya na nan. Ranar da manyan dillalai suka koma wata kasuwa, tsohuwar ta zama kufai. Shi ya sa yadda kulob-kulob ke wawason yara, haka gasanni ke wawason kulob-kulob.

Amurka: inda uba ke biya

Na fara da Amurka don sunanta ne ke kan sanarwar maƙwabcina, kuma a can ne faɗan gasanni ya fi fitowa fili. A yawancin ƙasashe yaron da ya iya ƙwallo kyauta ake koya masa. A Amurka iyaye ne ke biyan kulob, su biya kuɗin shiga gasa, su biya jirgi da otal in za a je wasa wata jiha. A manyan gasanni abin yakan kai dubban daloli a shekara a kan yaro guda. Galibin iyayen gurbin karatu suke hange. Jami'o'in ƙasar suna da ƙungiyoyin wasanni, suna yafe wa ɗan wasa kuɗin makaranta duka ko wani kaso, kuma a manyan gasannin matasa kociyoyinsu ke zuwa su zaɓa. Wata doka ta 1972 ta hana makarantu fifita maza a kan mata, sai guraben 'yan mata suka yi yawa, rikicin ma ya fi zafi a ɓangarensu.

A 2007 hukumar ƙwallon ƙasar ta kafa gasarta ta samari mai suna Development Academy. A 2009 wasu kulob-kulob masu zaman kansu suka kafa tasu gasar mai suna ECNL ta 'yan mata. An yi shekaru kowa na kiwo a makiyayarsa, sai a 2017 hukuma ta buɗe ɓangaren 'yan mata, ECNL ita ma ta buɗe na samari. Nan aka zare wa juna ido. Hukuma ta hana 'yan wasanta buga wa makarantunsu na sakandare, ECNL ta ce kowa ya buga abinsa. Sharaɗin kamar ba komai ba, amma yarinya 'yar shekara 16 tana son ƙawayenta na aji su gan ta a fili, kuma ubanta ne ke biya. Manyan kulob-kulob da dama suka fice suka koma ECNL. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar ta rufe gasarta baki ɗaya, ta ce matsalar kuɗi ce. Kafin shekarar ta ƙare, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, MLS, ta kafa MLS Next don samari, aka kuma kafa Girls Academy don 'yan mata.

Abin da wannan ya haifar shi ne sai ka tarar da ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi a gari ɗaya ba sa haɗuwa, don kowacce tana gasa daban, kowacce ta hau jirgi ta je neman abokin karawa a wata jiha, iyaye su biya. Ɗan talaka da ɗan baƙin haure, waɗanda sau da yawa su ne suka fi iya taka leda, suna can gefe suna kallo. Da Amurka ta kasa zuwa gasar kofin duniya ta 2018, bayan Trinidad da Tobago ta doke ta 2-1 a Oktoban 2017, wannan tsarin na biya-ka-buga na cikin abin da 'yan ƙasar suka fi zargi. Yawancin akadamin ƙungiyoyin MLS kyauta ne, amma su kaɗan ne a ƙasa mai faɗi haka.

Ga mutumin Zariya, abin riƙewa a nan guda ne. Waɗannan gasanni na yaran da ke zaune a can ne tare da iyayensu. Ba a shiga su da fom daga Najeriya. Ƙofar Amurka da ke buɗe wa ɗanmu ita ce ta makaranta, kuma ana tambayar sakamakon kammala sakandare kafin a tambayi bugun ƙafar hagu. Abin takaici ne a ce garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Barewa da Alhudahuda, yaro ya bar aji saboda ƙwallo, alhali ajin ne tikitin.

Turai: kulob ke biya, kulob ke sallama

A Turai kulob ne ke ɗaukar nauyin yaro, da fatan ko ya buga masa ko ya sayar da shi. Ingila ta sake tsarinta a 2012, ta raba akadami zuwa daraja huɗu, ta kuma ƙayyade diyyar da babban kulob zai biya in ya ɗauke yaro daga ƙarami. Manya suka ji daɗi. Brentford ta rufe akadaminta a 2016 saboda ta gaji da reno manyan maƙwabtanta na Landan suna ɗaukewa a kan kuɗi kaɗan. Sai da ta hau Firimiya ta sake buɗewa. Wato kukan da kocin unguwarmu ke yi, ƙungiyar da ke buga Firimiya ma ta taɓa yin sa.

Ko a can, yawancin yaran da suka shiga akadami ana sallamar su kafin su kai shekara 18 ko jim kaɗan bayan haka. Waɗanda muke gani a gidan kallo su ne 'yan tsirarun da suka tsallake.

Dokar da ta mayar da kokawar gida

Sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana a kai yaro wata ƙasa don ƙwallo kafin ya cika shekara 18. Akwai 'yan ƙofofi: in iyayensa sun yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko in tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne kuma ya kai 16, ko in gidansu yana dab da kan iyaka, sai kuma 'yan gudun hijira da ɗaliban musaya. Shola Ameobi, wanda aka haifa a nan Zariya a 1981, iyayensa ne suka koma Ingila yana ɗan shekara biyar, ya tashi a akadamin Newcastle, ya buga mata shekara da shekaru, ya kuma je wa Najeriya kofin duniya a 2014. Irin wannan ƙaura ce doka ta yarda da ita.

Dokar tana da haƙora. An hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014 saboda ita, aka hukunta Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, Chelsea a 2019. Wadda ta fi shafar mu ita ce ta Spezia ta Italiya: a 2021 FIFA ta hana ta cinikin 'yan wasa na tsawon shekara biyu saboda shigo da yara 'yan Najeriya da ba su kai shekaru ba, daga baya kotun wasanni ta sassauta hukuncin. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, sai da VVV-Venlo ta Holan ta jira ya cika 18 a ranar 14 ga Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, duk Turai na rububinsa, amma sai a Janairun 2017 ya koma Wolfsburg. In Osimhen ya jira, to ɗan maƙwabcina ma zai jira.

An yi dokar ne don kare yara, kuma ta rage ɓarna. Amma ta canza wurin da ake kokawar. Tunda Bature ba zai iya ɗaukar yaro yana 14 ba, dole ya nemi wanda zai riƙe masa shi a nan har ya nuna. Wanda ya ɗaure yaro da takarda yana 14 ko 15, shi ke da baki ranar da ya cika 18. Wannan shi ne asalin but ɗin kyauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma tun yana ɗanye ake sayen gonar.

Daga nan aka samu akadamin da ke da uban gida a Turai. Génération Foot ta Sanagal tana da yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané da Ismaila Sarr suka bi. Right to Dream ta Gana, wadda aka kafa a 1999, masu ita sun sayi FC Nordsjaelland ta Denmak a 2015, ta nan Mohammed Kudus ya fita; wasu yaranta kuma makarantun Amurka take tura su karatu. A Najeriya, Kunle Soname mai Remo Stars yana da akadamin Beyond Limits a Ikenne, yana kuma da hannu a Feirense ta Fotugal. Tun da Ingila ta fice daga Tarayyar Turai, ƙungiyoyinta ba sa iya ɗauko yaro ɗan ƙasa da 18 daga waje, ga kuma wahalar takardar izinin aiki, shi ya sa Beljiyam da Denmak da Norway da Fotugal suka zama zango. Wilfred Ndidi daga Nath Boys ta Legas ya je Genk a 2015, sannan Leicester.

Kashi 5 cikin 100

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne na ga ko kociyoyinmu da yawa ba su san haƙƙinsu ba.

Dokar FIFA ta tanadi kuɗi iri biyu ga waɗanda suka reni ɗan wasa. Na farko diyyar horarwa ce: ranar da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a waje, sabon kulob ɗinsa zai biya ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekara 12. Ana lissafin ne da darajar kulob ɗin da ya ɗauke shi. A Turai ƙungiya mai daraja ta ɗaya Yuro 90,000 ce a kan kowace shekara, mai daraja ta huɗu Yuro 10,000, kuma shekarun 12 zuwa 15 da ƙaramin farashin ake lissafa su.

Na biyu shi ne kason masu reno. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa duk ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, kowace shekara tana da kwata na kashi ɗaya. Sauran takwas, kowacce rabin kashi ɗaya. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce an sayar da ɗan wasa Yuro miliyan 10. Kason masu reno Yuro 500,000 ne. Kulob ɗin da ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 yana da Yuro 100,000 a ciki. In an sake sayar da shi bayan shekara uku, a sake biya. Wanda ya san farashin Yuro a yau ya mayar da shi Naira da kansa, sannan ya tuna da kocin da ke rancen kuɗin mota.

Sharaɗin guda ne, kuma shi ke kayar da mu: sai in kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma an shigar da sunan yaron a ƙarƙashinsa a waɗannan shekarun. Akwai abin da ake kira fasfon ɗan wasa, ba na tafiya ba, takarda ce da ke jera ƙungiyoyin da ya bi shekara bayan shekara. A Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris mai suna Clearing House, wanda ke karɓar kuɗin ya raba bisa abin da ke cikin wannan fasfon a kwamfuta. Sunan da ba ya ciki, ko shekara goma mai shi ya yi yana shan rana da yaron, ba shi da sisi.

Na je na ga kocin ɗan maƙwabcina a fili, da sanyin safiya bayan asuba, hazo ya rufe gari. Tela ne, sai ya tashi yara daga atisaye yake buɗe shago. Ƙwallayensa a cikin buhun shinkafa yake ɗauko su a bayan mashin. Abin da yake jerawa yara na kewayawa, robobin lemo ne da ya cika da yashi. Wasu yaran biyu but ɗaya suke karɓa-karɓa: mai buga rabin farko ya cire ya miƙa. Na tambaye shi rajista, sai ya zaro wani littafi mai bangon kwali daga aljihun jaka, sunayen yara ne da shekarun da suka faɗa masa da bakinsu, da lambar wayar iyaye. Ya ce, "Malam, rajistar ke nan. Yara nawa na rena suka tafi Kaduna, suka tafi Legas, ko sannu ban samu ba." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haƙƙin nasa na gaske ne, amma littafin nan ba zai karɓo masa komai a Paris ba. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya yi shekara huɗu a hannunsa ba a rubuce ba, wata akadami mai takardu ta ɗauke shi yana 16 ta yi masa rajista, a fasfo sai ya zama kamar ranar aka haife shi a ƙwallo.

Kowa da hujjarsa

Mai babbar akadami shi ma yana da ta cewa, kuma bai kamata a yi masa rashin adalci ba. Yana ciyar da yara, yana ba su wurin kwana, yana biyan kociyoyi da likita, yana yin fasfo da biza, shekara da shekaru babu abin da ke shigowa. Cinikin yaro ɗaya ne zai biya kuɗin sauran da ba su kai ko'ina ba. In bai ɗaure su da takarda ba, wani eja, wato dillalin 'yan wasa, zai zo da daddare ya raɗa wa uba magana a kunne, gari ya waye yaro ya ɓace. Ga shi kuma ƙananan ƙungiyoyin Turai sukan ce sai an yafe musu diyyar horarwa kafin su ɗauki yaro, a madadin haka su yi alkawarin wani kaso in sun sayar nan gaba. In ya ƙi, su ɗauki ɗan Gana.

Kocin unguwa kuma, ba duka ne waliyyai ba. Akwai mai riƙe yaron da ya riga ya fi ƙarfin filinsa, don kawai kada a ce wani ya ƙwace. Yaro mai shekara 15 da ya fi kowa a unguwa, in bai samu waɗanda za su wahalar da shi ba, nan zai tsaya.

Wanda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne mai sayar da fom. Tsarinsa ya haɗa mugun ɓangaren Amurka da mugun ɓangaren Afirka: uba ya biya kamar a can, babu jami'ar da ke jira a ƙarshe, in kuma an dace da yaro mai kyau, a sa uban ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Ribarsa tana cikin yawan waɗanda suka zo gwajin, ko an zaɓi wani ko ba a zaɓa ba. Dokin mai baki ya fi gudu, shi ya sa sanarwarsa ta fi ta kowa kyau. Mai neman ɗan wasa da gaske shi ke kashe kuɗi ya zo ya gani. Akwai gwaje-gwaje na gaskiya da ake karɓar ɗan abin hidima, ban musa ba, amma da zarar an haɗa kuɗi mai nauyi da alkawarin fita waje ga yaron da bai kai 18 ba, maganar ta saɓa wa dokar da na ambata a sama. Ƙarshen irin wannan tafiya an sha ganin sa: an sayar da fili ko an ci bashi, yaro ya sauka wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido, eja ya kashe waya, kunya ta hana shi dawowa.

Shekarun ƙwallo

Ba a maganar gasar matasa a Najeriya a tsallake wannan. Tunda daraja tana ga ƙuruciya, sai aka koma rage shekaru, har ya zama abin raha: shekarun haihuwa daban, shekarun ƙwallo daban. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa. A 2009, lokacin da muka karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, wadda aka buga wasu wasanninta a Kaduna da Kano, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu na MRI don tantance shekaru. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwajin a sansanin Golden Eaglets, tawagarmu ta 'yan ƙasa da 17. Mun ɗauki kofin sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu, amma ba mu je na 2017 da 2023 da 2025 ba.

Wanda wannan ɗabi'ar ta fi cuta shi ne yaron da shekarunsa na gaskiya ne. Ɗan 14 na ainihi ya shiga fili da mai shekara 19, a ture shi sau biyu, koci ya ce ba shi da ƙarfi, a ajiye shi a benci. Kuma mai saye daga waje, da zarar ya fara shakkar takardun wani yanki, sai ya rage farashin kowa.

Abin da Arewa ta rasa

Baiwa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. A tawagar da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da 'yan gidan Babayaro biyu, duk 'yan Kaduna. Kofuna ma muna da su: ga Kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano, ga na sarakuna, ga na ciyamomi da 'yan takara da ke tsirowa kamar naman kaza in zaɓe ya matso. Abin da babu shi ne lig ta yara mai tafiya duk shekara, da shekarun gaskiya, da rajista, da kyamara.

Akadamin Kudu maso Yamma sun gane haka. A 2020 suka haɗu suka kafa tasu gasar, The Creative Championship, suna karawa da juna a kai a kai. A 2024 Beyond Limits ta je Italiya ta ɗauko Kofin Viareggio, tsohuwar gasar matasa da manyan ƙungiyoyin Turai ke shiga. Masu neman 'yan wasa a yau yawanci a kwamfuta suke fara kallon yaro kafin su sayi tikitin jirgi, don haka wasan da ba a ɗauka a bidiyo ba, a wurinsu ba a buga shi ba. Ga shi FIFA ta mayar da gasar 'yan ƙasa da 17 ta kowace shekara daga 2025, da ƙasashe 48, a Katar. Buƙatar yara za ta ƙaru, kuma ta inda aka shirya za a fi ɗiba. In Zariya da Kaduna da Kano da Funtuwa ba su haɗa irin wannan gasar ba, yaranmu za su ci gaba da bin motar dare zuwa Legas, sunayen ƙungiyoyin can ne kuma za su hau fasfonsu. A ganina kuɗin kofin ɗan takara guda ɗaya zai iya yi wa ƙungiyoyin unguwanni da yawa rajista, sai dai rajista ba a ɗaukar hoto da ita.

Abin da na gaya wa maƙwabcina

Na ce masa, "Alhaji, kafin ka fitar da ko kwabo, ka tambaye su abu huɗu. Wace ƙungiya ce ta shirya, kuma hukumar ƙwallo ta jiha ta san da ita? Baturen da zai zo, wane kulob ya aiko shi? In an zaɓi yaro, ina zai zauna daga yanzu zuwa shekara 18, kuma wace makaranta zai shiga? Sannan wace takarda za ka sa wa hannu, kuma za su ba ka ita ka kai wa lauya ya karanta?" Na ce tambaya ta ukun ka yi wa mai but ɗin ma.

Ya kira lambar da ke jikin sanarwar a gabana, ya sa a sifika. Wanda ya ɗauka ya amsa ta farko da sunan wata ƙungiya da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu, ta biyu ya ce sirri ne sai an zo fili, a ta ukun ya ce yana cikin taro zai sake kira. Har yau bai kira ba.

Fom dai ba a saya ba. Yaron ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, sannan ya koma cin tuwonsa. Uban da wasu iyaye uku sun ce za su haɗa kuɗi su raka tela Kaduna ya yi wa kulob ɗinsa rajista, da sharaɗin kowane yaro ya kawo takardar haihuwarsa ta asali, kuma wanda ya yi fashin makaranta ba zai sa jesi a makon ba. Telan ya amince da na biyun nan take. Na farkon ya ce a ba shi lokaci, akwai 'yan wasan bayansa biyu da sai ya zauna da su. But ɗin Sabon Gari kuwa yaron bai mayar ba, da shi yake atisaye kullum.